Jika 25 da Suka Koma 9: Lissafin Ƙaurar Wani Tela Daga Maraɗi Zuwa Tsibiri

Mijin ƙanwata tela ne. Shagonsa yana kusa da Babbar Kasuwar Maraɗi, da keken ɗinki uku, injin surfani ɗaya, da yara biyu masu koyon aiki. Lokacin da wannan magana ta taso shekararsa 34, aurensu ya shekara 9, ɗiyansu biyu: mace mai shekara 7 da ke lakwal, wato makarantar boko, da namiji mai shekara 4. Ni kuwa aikina riƙe littafin lissafi ne a shagon wani ɗan kasuwa, shi ya sa duk abin da ya shafi ƙidaya a danginmu ni ake kawo wa. Na nemi izininsu kafin in rubuta wannan, suka yarda bisa sharaɗin kada in kama suna.

Ga wanda ba ɗan Nijar ba: jika ɗaya ita ce sefa 1,000. Da jika zan yi lissafin duka.

Mafarin zancen shi ne ruwan da aka tafka a Maraɗi ranar 30 ga Agusta 2024, wanda ya rusa gidaje da yawa, ya ci rayuka. A waccan shekarar, saboda ɓarnar ambaliya a faɗin ƙasa, sai ranar 28 ga Oktoba aka koma makarantu. Gidan da suke haya a unguwar Zariya bai faɗi ba, amma katangar gabas ta zube, ɗaki ɗaya ya tsage. Alhajin da ke da gidan ya gyara da siminti, ya shafe shi, ya sa sabon kyaure. A watan Janairu na 2025 ya aiko yaronsa da saƙo: haya ta tashi daga jika 30 zuwa jika 40. Ɗaki biyu ne da falo, a gidan da ake raba tsakar gida da bayan gida da wasu magidanta biyu. Ban ga laifin Alhaji ba. Ya kashe kuɗi, kuma masu neman ɗaki a lokacin sun fi ɗakunan yawa.

Kwana uku bayan saƙon telan ya zo wurina da dare, ya zauna bakin tabarma, ya ce, "Yaya, na samu mafita. Kawu ya ce akwai gida sukutum a Tsibiri, ɗaki ukku da fili, jika 15. Ka ga jika 25 ke nan duk wata. Shekara biyu, na sayi filina."

Ya riga ya gama ginin a zuciyarsa. Abin da ya kawo shi wurina tabbaci ne kawai.

Tsibiri, wadda ake rubutawa Tibiri a allon hanya, ba ƙauye ba ce. Nan ne fadar Sarkin Gobir tun zamanin Mayaƙi, wajen 1836, kuma a mulki tana cikin gundumar Gidan Rumji. Tana kan babbar hanyar kwalta da ta nufi Birnin Ƙonni da Yamai, kilomita goma da ƴan kai daga Maraɗi. Akwai wuta, akwai famfo, akwai makarantu da likita, kasuwarta na ci ranar Laraba. Mutane da dama suna kwana can su wuni Maraɗi. Saboda haka shawarar tasa ba ta hauka ba ce. Abin da na ce masa shi ne mu zauna da biro da takarda.

Muka fara da abin da ya fi sauƙin ƙirgawa. Daga wancan gidan zuwa shago, mun auna da babur ɗinsa, kilomita 13 ne. Zuwa da dawowa 26. Yana aiki kwana 26 a wata, ka ga kilomita 676. Babur ɗin ya tsufa, lita ɗaya ba ta kai shi fiye da kilomita 35, wato lita 19 a wata. Tun Yulin 2024 gwamnati ta sauko da litar mai zuwa sefa 499, sai ya zama jika 9 da rabi. A Zariya abin da yake ƙonawa bai wuce jika 3 ba. Ƙari jika 6 ke nan da ɗan ɗoriya. Da can mutumin Maraɗi ba ya ma kawo kuɗin mai cikin lissafi, don ƴan ruwa-ruwa suna bakin kowace hanya da kwalabensu, man Najeriya kamar kyauta. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayu na 2023 wannan garaɓasar ta wuce. Muka sa jika 3 na baƙin mai da taya da sarƙa, domin babur da ke cin irin wannan tafiya kullum sai ya san bakanike.

Sai abincin rana. A Zariya, in azahar ta yi, ɗaya daga cikin yaran shago ke zuwa gida ya ɗauko kwano. Daga Tsibiri ba mai zuwa. Sayen abinci a bakin kasuwa, ko an cire abin da da ma zai ci a gida, mun ga zai ƙara jika 8 a wata. Telan ya yi musu, ya ce fura ta ishe shi. Na san shi, ba ta isarsa.

Jika 25 a cire 6, a cire 3, a cire 8. Saura 8. Fuskarsa ta ɗan sauya, amma ya ce ko 8 ɗin ma riba ce, ga yalwar gida a sama.

Duk wannan zaman da muka yi mu biyu ne, kuma a nan kuskurenmu yake. Washegari na biya gidansu, ƙanwata ta kawo mini ruwa, ta zauna nesa kaɗan, ta ce, "Yaya, na ji kun yi lissahi kai da maigidan. To firizata a wane layi kunka sa ta?"

Ban sa ta ko'ina ba. Kunya ta kama ni, ni da nake cin abinci da riƙe littafi.

Ƙanwata tana da firiza da ta saya da kuɗin adashi shekara huɗu da suka wuce. Tana ƙulla zoɓo da lemun tsamiya da ƙanƙara. Masu sayenta sanannu ne: ɗiyan lakwal ɗin da ke bayan layinsu, bakanikai biyu da ke bakin titi da yaransu, masu shayi uku da ke karɓar ƙanƙara kullum, da matan unguwa in ana suna ko biki. Ba ta taɓa rubutawa ba, amma da muka bi kwana bakwai muna ƙirgawa, muka kuma kwatanta bazara da lokacin ɗari, ribarta tana kai jika 20 a wata in an daidaita shekara. Da wannan kuɗin take zuba adashi, take yin biki, take sayen sabulu da takalman yara da kayan miya ranar da kuɗin cefane ya gaza. Telan bai taɓa jin nauyin waɗannan abubuwa ba, shi ya sa bai san akwai su ba. Yawancinmu maza haka muke, ba shi kaɗai ba.

Shi sana'arsa tana nan inda take, jikinsa kawai zai riƙa kai wa da kawowa. Ita tata sana'ar a unguwa take. Firiza ana iya ɗora ta a mota, amma mai shayin da ya shekara huɗu yana karɓar ƙanƙara bashi ya biya da yamma ba ya shiga mota. Ga kuma abin da ya fi muni: gidan jika 15 ɗin yana can ƙarshen gari, ba shi da mitar wuta tasa, waya ce aka ja daga maƙwabta don ƙwai biyu da fanka. Ba maƙwabcin da zai yarda a ɗora masa firiza.

Na koma kan takardar. Jika 8 a cire 20. Ƙaurar da aka ce za ta tara jika 25 ta koma asarar jika 12 duk wata, kuma asarar duka daga aljihun mace za ta fita. Na faɗa wa telan haka ƙarara, na ce shawarata su zauna inda suke su biya Alhaji. Ya yi fushi da ni kusan mako biyu, gaisuwa kawai.

Cikin wannan tsakanin aka kawo wasu zaɓi biyu. Na farko sababbin unguwannin bayan gari, inda ake ta yanka filaye. An samu ɗaki biyu jika 25, amma famfo bai kai ba, sai ƴan garuwa, hanyar kuma rairayi ne zalla, mai adaidaita sai ka roƙe shi kafin ya shiga. Mun lissafa kuɗin ruwa, muka ga bambancin ya narke. Ba a daɗe a kansa ba.

Na biyun Jiratawa ce, kuma ita ƙanwata ta fi so. Tana kudu da Maraɗi kan hanyar Ɗan Isa, cikin gundumar Madarumfa, nisanta kusan ɗaya da na Tsibiri. Albarkar garin ita ce filin noman rani mai hekta sama da 500 da ke ƙarƙashin kulawar ONAHA, hukumar gwamnati mai kula da filayen noman rani, inda zogale da kayan miya ba sa yankewa. Ƙanwata ta ce ko firiza ta tsaya, za ta iya sarin zogale tana dafawa tana aikowa birni. Tunani ne mai kyau. Abin da ya kashe shi Inna ce, mahaifiyar telan. Da ta ji an ce kudu, ta ce, "Jikokina ba su kwana hanyar Madarumfa." An yi mata bayani cewa ƙauyukan da ƴan bindiga ke shiga suna satar mutane da dabbobi suna can wajen iyaka da dajin Baban Rafi, Jiratawa kuwa a hancin Maraɗi take. Ta ce ita ba ta san wannan ba. Gaskiya ita ce ita ma ƙasar Gidan Rumji tana da ƙauyukan iyaka da suka sha irin wannan wahala, har ƴan gudun hijira daga Najeriya suka cika wasu tun 2019. Amma a Tsibiri Inna tana da ƙane, a Jiratawa ba ta da kowa. Tsoro bai cika bin taswira ba, inda mutum ke da nasa nan ne lafiya a wurinsa. Aka rufe zancen Jiratawa.

Azumin 2025 ya faɗo cikin Maris, kuma shi ya yi mana gwajin da takarda ba ta iya yi. Telan ya ce bari ya kwana gidan Kawu na mako guda ya ga yadda hanyar take. Wanda ya san tela a goman ƙarshe ya san ba a rufe shago kafin biyu ko ukun dare. A daidai watan ne kuma aka shiga ƙarancin mai a Nijar, layi a gidajen mai, farashi a bakin hanya ya haura. Dare biyu ya yi tafiyar. A na uku wata babbar mota ta dalle shi da fitila, ya sauka gefen kwalta cikin rairayi, ya ƙuje gwiwa. Bai faɗa wa kowa ba sai bayan Sallah. Hanyar Tsibiri da rana ba komai ba ce, minti 20 ne. Da tsakar dare, ga gajiya, ga manyan motocin da suka fito daga Ƙonni, wata hanya ce daban.

Na ɗauka zancen ya mutu ke nan. Ashe ƙanwata ce za ta tashe shi, ita da muka ce ƙaurar za ta cuta.

Abin da ban sa a lissafi ba a karo na biyu shi ne yadda ta gaji da gidan haya na taro. Layin bayan gida da asuba, rigimar kuɗin wuta duk wata saboda firizarta, faɗan yara da ke komawa faɗan iyaye, shanya da ba ta da wuri. Ta ce da ni, "Yaya, ni ban ce ba ni zuwa ba. Cewa na yi a sa ni cikin lissahi." Sai ta kawo sharuɗɗanta, kuma ita ta tsara su, ba ni ba. Gida ya zama kusa da kwalta da makaranta, da mita tasa. Ba za ta fita daga adashinta na Zariya ba, ranar zubi a ba ta kuɗin mota. Sannan, tunda maigidan zai tafi Maraɗi kowace safiya da bayan babur ba kowa, to ya ɗauki kula cike da zoɓo da ƙanƙara, ƙaramin yaron shago ya zagaya da su layin teloli da masu sayar da yadi. Cikin kayan kuma a sa kwanon abincinsa na rana.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya juya lissafin. Man da za a ƙona don kai mutum ɗaya aiki ya zama man kai kaya kasuwa, jika 8 na abincin rana kuma suka fita daga takarda. Telan ya ɗan yi nauyin jiki, wai mai shago guda da kula a bayan babur kamar ɗan talla. Kawu ya ce masa, "Ɗana, wanda ke neman fili ba ya jin kunyar kula." Ya yi shiru.

Shawara ɗaya da na bayar wadda aka bi ita ce kada a biya kuɗin kowane gida sai an gan shi da damina. Mu mutanen Maraɗi bai kamata a koya mana wannan ba, tunda ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta tashi tsohon garinmu daga fadama ta hau da shi tudu. Tsibiri ma a bakin gulbin take. A watan Agusta, washegarin wani ruwa mai ƙarfi, muka je mu uku. Gidan jika 15 ɗin nan ruwa ya kwanta a ƙofarsa har idon sawu. Wani da Kawu ya nemo kusa da hanya, ɗaki uku, mita tasa, famfo a tsakar gida, da bishiyar dogon yaro, mun same shi a bushe. Jika 18. Suka tashi a watan Satumba kafin a buɗe makarantu, aka karɓo takardar yarinya aka sa ta a lakwal ɗin unguwar, ita da ƙanenta kuma aka kai su islamiyyar yamma. Kuɗin mota, gyaran wayar wuta, shafen ɗaki ɗaya da ƙananan abubuwa sun ci jika 60. A lokacin ƙanwata tana da ciki wata huɗu.

Na ba su littafi na ce su riƙa rubutawa, kuma ita ce ta riƙe shi. Ga abin da watanni biyar na farko suka nuna. Haya ta sauka daga 40 zuwa 18, an tsira da jika 22. Mai da gyaran babur sun ƙaru da jika 9, kamar yadda muka hango. Ribar firiza ta sauka daga 20 zuwa wajen 15: layin teloli ya karɓi zoɓon sosai, ranar Laraba tana samun ciniki a kasuwar Tsibiri, amma masu shayin can suna da masu ba su ƙanƙara tun da daɗewa, kuma a unguwar baƙuwa ce, ba a kiranta aikin biki tukuna. Zirga-zirgarta zuwa Maraɗi, zubin adashi, suna, gaisuwar rasuwa, duba mahaifiyarmu, tana cin jika 3. Itace da hatsi da rage rigimar kuɗin wuta sun mayar da kamar jika 4. In ka tara ka cire, abin da ke saura a hannu jika 9 ne a wata. Wato sai sun yi wata bakwai kafin su mayar da kuɗin tashi kawai. Filin da aka ce shekara biyu, a wannan tafiyar, ba a ma maganarsa da shekaru biyu.

A ganina, in don kuɗi kaɗai ne, jika 9 ba su kai a ɗora wa magidanci kilomita 26 kullum a kan babur ba. Taya ɗaya ta fashe a mugun wuri, ribar shekara ta tafi asibiti. Har yau ina kan wannan ra'ayi. Sai dai na je gidan na ga abin da ba ya shiga littafina. Awaki biyu a turke, ɗaya ta haihu. Yaron yana gudu a fili ba mai tsawata masa. Ƙanwata ta shuka zogale bakin famfo. Ta rame kaɗan don kewa, ta ce watan farko in magariba ta yi har kuka take, don a Zariya ko gishiri ya ƙare katanga kawai za ta leƙa. Amma da na tambaye ta ko a nemi ɗaki a birni, ta ce, "In koma layin bayan gida? A'a, Yaya."

Haihuwa ta zo daidai da azumin da ya biyo baya, kuma a nan tsarin ya nuna iyakarsa. Akwai likita a Tsibiri, kuma tun matakin da gwamnati ta ɗauka a Agustan 2024 na rage kuɗin jinya, haihuwa a asibitin gwamnati kyauta ce. Matsalar ba kuɗi ba ce. In naƙuda ta zo da gardama da tsakar dare, Maraɗi za a nufo, wurin cibiyar kula da uwa da yaro ko babban asibiti, maigida kuma yana shago yana fama da ɗinkin Sallah. Mahaifiyarmu ta ce ba ta yarda ba. Aka dawo da ƙanwata gidanmu tun saura mako uku, ta haihu lafiya, ta zauna har ta yi arba'in. Yarinyar lakwal aka bar ta gidan Kawu, awaki ma can. Telan ya shimfiɗa tabarma bayan injin surfani, tun da ya tuna gwiwarsa ta bara. Gidan Tsibiri ya yi kusan wata biyu a kulle ana biyan hayarsa, firiza a kashe, a watan da ƙanƙara ta fi kowane wata kuɗi. Na lissafa abin da aka rasa a wannan tsakanin, ya haura jika 50. Ban faɗa wa telan ba, ita na faɗa wa, ta ce ta riga ta sani.

Sun koma bayan arba'in. Kula ta koma bayan babur, an kuma sa mata sabuwar igiyar roba. Telan ya fara zancen sayen babur sabo, ƙanwata tana zancen faranti mai amfani da hasken rana saboda ɗaukewar wuta da bazara, kuɗin kuma na abu ɗaya ne. Makon jiya Kawu ya kira ni ya ce mai gidan ya zo gaishe shi, cikin hira ya ambata cewa wasu ma'aikata biyu daga Maraɗi sun tambaye shi ko gidan zai fita, ɗaya har ya ce zai ba da jika 25. Bai ce zai ƙara haya ba. Na ce wa telan ya je da Kawu da shaidu biyu a rubuta yarjejeniyar shekara biyu tun maganar tana hira. Ya ce sai ranar Laraba, in ya taso da wuri.